Na sayi faifan da kuɗina, in na kwafe shi a memori na ci haƙƙi?

Alh. Bello Direba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya muka ji da zafin Garwa. Tambaya gare ni kuma don Allah wanda ya sani ya amsa min tsakani da Allah. Akwai wani faifan CD da na saya tun 2009 a Marwa wajen wani biki a Domayo, a hannun shi mai waƙar da kansa na saya, dubu biyu na ba shi ya zaro daga jakarsa ya miƙo min har ya sa min albarka. Waƙoƙin bege ne guda 7. Mutumin ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Faifan nan shekara da shekaru yana cikin motata, Garwa Gaundere, Gaundere Garwa, har na sayar da motar, wadda nake ja yanzu kuma ba ta da wurin sa faifai sai kile, wato filas. To Innata ta tsufa ido ya tafi, ba abin da take so irin waƙoƙin nan, da can a DVD ɗin ɗaki nake kunna mata shi ma ya mutu. Sai na sayo mata 'yar rediyon nan mai cin memori, na ce wa yarona ya kwafe min a kwamfutarsa ya zuba mata, kawai yaro ya juya bayan kwalin ya nuna min wani rubutun Faransanci wai an hana kwafa, wai a lise, makarantarsu ta sakandare, an gaya musu laifi ne har ɗauri ake yi. Ni wlh ba tsoron jandarma nake ba, haƙƙin mamaci nake tsoro. Me ya kamata in yi?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam Alhaji, ya jikin Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni dai a nawa ganin kayanka ne, kuɗinka ka sa ka saya, in ka ga dama ma ka fasa shi ba mai ce maka don me, balle kwafa wa tsohuwa.

Sani Mai Tura Waƙa:
Baba Alhaji kawo shi shago kawai, minti goma an gama, ba zan karɓi ko dala ba saboda Inna. Wane irin ɗauri kuma, mu da muke wannan aikin kullum daga safe har dare

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Baba Alhaji barka da yini. Yaronka bai yi ƙarya ba amma rabin maganar aka gaya masa. Dokar da ke kan wannan a Kamaru ita ce ta ranar 19 ga Disamba 2000, mai lamba 2000/011, wadda ta shafi haƙƙin mawallafi da na masu rera waƙa da masu buga faifai. Gaskiya ne akwai hukunci a ciki kuma mai nauyi, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tara daga sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikin biyun. Amma wannan na masu satar fasaha ne, masu bugawa su sayar ko su raba ba da izini ba. Ita wannan dokar dai, a sashe na 29, ta ce in aka riga aka fitar da aiki da yardar mai shi to ba shi da ikon hana mutum yin kwafi ɗaya don amfanin kansa, in dai ba kasuwanci zai yi da shi ba kuma ba jama'a zai tara wa ba. Haka kuma ta halatta a saurara cikin iyali in ba kuɗi ake karɓa ba. To kai ka saya a hannun mai shi, kwafi ɗaya za ka yi, mahaifiyarka ce za ta ji a ɗakinta. A fahimtata ba ka da matsala da doka sam.

Alh. Bello Direba:
Allah ya yi maka albarka Yusufa. To shi rubutun da ke bayan kwalin fa?

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Amin Baba. Rubutun bayan kwali bai fi doka ƙarfi ba. Abin da doka ta ce mai waƙa ba zai iya hanawa ba, don ya rubuta ya hana ba zai hanu ba. Kuma galibi masu buga kwali ne ke manna wannan layin a kowane faifai, shi mai waƙar wataƙila bai taɓa karanta shi ba.

Maman Hanifa, afuwan, amma akwai ɗan gyara a maganarki. Da Baba ya sayi faifan, robar ya saya da damar ji, bai sayi waƙar ba. Waƙar tana nan ta mai ita, yanzu kuma ta magadansa, har shekara 50 bayan rasuwarsa a dokarmu. Zai iya fasa faifan, zai iya kyautar da shi, amma ba zai buga ɗari ya kai kasuwa ba.

Maman Hanifa:
To na ji, yau na ƙaru. Amma wlh abin da wuyar fahimta, ka sayi abu kuma a ce ba naka ba ne duka

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Kamar littafi ne Anti, takardar taki ce, rubutun na marubuci.

Kuma Yaya Sani kada ka ji haushi, amma naka daban ne da na Baba. Doka cewa ta yi kwafin ya zama don amfanin wanda ya yi shi. Kai in mutum ya zo ya ba ka 500 ka cika masa memori da waƙoƙin da bai taɓa saya ba, kai ka yi kwafin, kuɗi ka karɓa, kuma waƙa ɗaya za ka iya tura ta wa mutum dubu. Wannan ba ya cikin rangwamen da na faɗa.

Sani Mai Tura Waƙa:
Ai na san za a zo nan. Kullum in aka fara maganar nan a kanmu take ƙarewa. Yusufa kai ɗan boko ne ina girmama karatunka amma bari in gaya maka abin da ba a koyarwa a jami'arku ta Dang. Ni shekara goma sha ɗaya ina zaune a teburin nan bakin kasuwa da kwamfuta ɗaya da lema ɗaya, da shi na yi aure da shi nake ciyar da yara huɗu da ƙannena biyu. Mawaƙan da kake cewa muna cuta su da kansu suke zuwa da kile a hannu suna roƙo, Sani sa min wannan a cikin duk memorin da ka cika, wani ma har ɗan na goro yake ajiye min don in sa tasa a farko. Me ya sa? Don ya san in waƙarsa ba ta shiga wayoyin 'yan moto da masu shayi ba, ba wanda zai kira shi biki, kuma a biki ake samun kuɗi ba a faifai ba. Yanzu ma wa ke sayen faifai? Ka zagaya duk kasuwar Garwa ka nemo min shago biyar masu sayar da CD na asali in kana iyawa. Mu ma kasuwar tamu mutuwa take yi tunda yara sun iya Xender da WhatsApp, a kyauta suke tura wa juna, su ba a ce musu ɓarayi sai mu da ake gani a fili.

Ɗan Kusuri:
Gsky Sani ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare

Goggo Asabe Marwa:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan sai karatu, amma yau sai na tanka don abin ya taɓa ni. Sani ɗana, ni mawaƙiya ce, shekara ashirin da wani abu ina waƙar biki da suna, mutanen Marwa da ke nan sun san ni. Bari in ba ka labarin faifaina guda ɗaya tak da na taɓa yi. Na sayar da 'yan kunnena na zinari da akuya uku, na haɗa da kuɗin adashi, na shiga situdiyo kwana tara, na biya mai fiyano na biya 'yan amshi na biya kuɗin mota, aka buga min faifai 500 aka kawo min a kwali biyu. Ranar da na buɗe kwalin na ga hotona a jiki kuka na yi don murna. Sati biyu ban sayar da sittin ba, na shiga kasuwa sayen kayan miya sai na ji muryata tana tashi a wata rumfa, na matsa na ga yaro ya jera faifaina a tire, hoton nawa an yi masa fotokopi baƙi ƙirin ko fuskata ba a gani, ɗari uku uku yake sayarwa ni kuma ina cewa dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce yaro wa ya ba ka? Ya ce Hajiya saye za ki yi ko surutu. Bai ma san ni ce ba. Har yau sauran faifan suna ƙarƙashin gadona, zinarina kuma bai dawo ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ka ce wasu na kawo maka da kansu, e na yarda, wanda ya kawo ya yafe, nasa ne ya bayar. To wanda bai kawo ba fa? Ka taɓa tambayarsa?

Maman Hanifa:
Innalillahi, Goggo wlh har na yi hawaye. Allah ya mayar miki da alheri

Sani Mai Tura Waƙa:
Goggo ki yi haƙuri, ni ban taɓa buga faifan kowa na sa a tire ba Allah shaida. Amma ki faɗi gaskiya, bayan waƙar ta zagaya ba a ƙara kiranki biki ba?

Goggo Asabe Marwa:
An ƙara, ba zan ɓoye ba, har Mora da Kusuri an kira ni saboda ita. Amma ɗana biki ƙarfi yake so. Yanzu gwiwa ta ƙi, ba na iya tsayuwar awa uku, murya ma ta fara gajiya. Faifan nan shi na yi niyyar ya zama gonata in na tsufa. Wanda ya mutu kuma kamar mai begen da Alhaji ke magana, wane biki za a kira shi? 'Ya'yansa me za su ci daga waƙar da har yau ake ji?

Abban Sultan:
Ni fa duk wannan ba ita ce tambayar ba, kiɗa ma shi kansa mene ne hukuncinsa tukuna

Admin Garba:
Abban Sultan don Allah kar mu sauka daga layi, wannan muhawarar mun yi ta sau uku a zauren nan kuma ba ta ƙare da daɗi ba. Alhaji tambayar haƙƙi ya yi. Malam Idirisa in kana kusa muna jiranka.

Malam Idirisa Njamena:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah, yanzu na fito daga makaranta na tarar da saƙo sama da talatin. Alhaji Bello Allah ya saka maka da alheri da kula da mahaifiya, kuma tsoron haƙƙi da ka yi alama ce ta alheri.

Malamai na farko ba su tattauna wannan da wannan suna ba saboda a zamaninsu littafi da hannu ake kwafa, mai kwafa ya sha wahala kusan kamar marubuci. Da injin bugawa ya zo sai mas'alar ta taso. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba, saboda a al'adar mutanen yau sun zama dukiya mai ƙima. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin wanda ya sayi abu ya mallake shi duka kuma ilimi ba a killace shi, amma mafi yawa suna kan na farko. Kuma hadisi ya zo cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. In kuwa dukiya ce to ana gadonta, ka ga maganar Hajiya Asabe kan 'ya'yan mamacin tana kan hanya.

Game da kai Alhaji, ka biya, ba ka rage wa magada komai ba, ba ka hana su ciniki ba, ni ban ga laifi ba. Sai dai ɗan abu ɗaya da zan ce wa ɗana Yusufa. Ka ce rubutun bayan kwali ba ya aiki a doka, to a wajenmu akwai hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In mai sayarwa ya gindaya sharaɗi kai kuma ka saya a kan haka, ba a wofintar da shi haka nan don kawai alƙali ba zai kama ka ba.

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma Malam sharaɗin da mai saye bai iya karantawa ba, mai sayarwa ma bai furta ba, a tsakiyar biki ana kiɗa aka miƙa faifai aka karɓi kuɗi, shi ma ya hau kansa?

Malam Idirisa Njamena:
Tambaya mai kyau. Shi ya sa ban ce haramun ba ne. Ana duba manufa da al'ada, kuma kowa ya san abin da masu rubuta wannan layin ke gudu shi ne irin abin da ya sami Hajiya Asabe, ba tsohuwa makauniya da rediyonta ba. Da marigayin na raye aka ce masa ga abin da Alhaji ke so, ina kyautata zaton murna zai yi. Amma in akwai hanyar jin ta bakin iyalinsa cikin sauƙi, zuciya ta fi samun natsuwa. Mu ma nan Chadi akwai doka tun 2003 da ofishin BUTDRA mai kula da haƙƙin mawallafa, amma ka je kasuwar Dembe ka ga yadda ake cika memori, duk kanwar ja ce da can wajenku.

Hamisu Faransa:
Slm jama'a, ina ta bin ku daga wurin aiki. Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba kuma shi ne zai sasanta Goggo da Alhaji. Nan Faransa tun 1985 doka ta ce ka yi kwafinka na gida ba komai, amma duk abin da ake zuba waƙa a ciki akwai ɗan kuɗi da aka ɗora a farashinsa, da can kaset da faifan da ba komai a ciki, yanzu har kile da waya da tablet. Kai mai saye ba ka ma san ka biya ba, kuɗin kuma ana tarawa a raba wa mawaƙa da marubuta da masu buga faifai, wani kaso a sa a harkar raya al'adu. Jamus ma ta riga su, tun 1965. Ingila kuwa abin mamaki, sai a Oktoba 2014 suka halatta mutum ya kwafi CD ɗin da ya saya, ba su sa wannan ɗan kuɗin ba, masu harkar waƙa suka kai ƙara, a 2015 kotu ta soke dokar. Wato abin da Baba Alhaji zai yi halal ne a Garwa amma a Landan a takarda ba shi da izini.

Ɗan Kusuri:
Kai! Ashe akwai inda muka fi Turawa sauƙi

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Yaya Hamisu ai mu ma dokar 2000 ɗin ta tanadi wannan, ta ce mawaƙa da masu buga faifai suna da haƙƙin a biya su diyyar kwafin gida, kuma masu ƙerawa ko shigo da abin da ake naɗar sauti a ciki su za su biya. A rubuce komai yana nan. Kuma kar ku manta hedkwatar OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 masu kula da mallakar fasaha a ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977, a Yawunde take, Chadi ma mamba ce. Mu ba doka muka rasa ba. Ni abin da ke ci min rai shi ne irin su Goggo da ke nan arewa da yawansu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin cewa akwai ƙungiyar da ake rajista a ciki don karɓar irin wannan kuɗin, SONACAM ce aka ba ɓangaren waƙa a 2017. Haƙƙinki a kan waƙarki ba ya buƙatar rajista, daga ranar da kika yi ta taki ce, amma rabon kuɗi sai an san da ke da waƙoƙinki.

Goggo Asabe Marwa:
Ɗana ni takardun nan na Faransanci su ne ba na iyawa. In ka zo hutu Marwa ka biyo ka karanta min in ji da kunnena, ko ban samu ba jikokina su san akwai.

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
In sha Allah Goggo, da an gama jarabawa zan zo, alkawari ne.

Ɗan Kusuri:
Wai ba Manu Dibango mawaƙin nan na Kamaru ne ya taɓa kama Michael Jackson da satar waƙa ba? Ko shi ma kwafin gida ne

Hamisu Faransa:
A'a wannan daban. Amshin waƙarsa Soul Makossa ta 1972 aka ɗauka aka sa a wata waƙar cikin faifan Thriller na 1982 ba da izini ba, daga baya suka sasanta aka biya shi. Wannan ɗaukar aikin wani ne ka sa a naka ka sayar wa duniya. Amma ka lura shi yana Faransa yana da lauyoyi da masu bin masa haƙƙi, shi ya sa ya samu.

Sani Mai Tura Waƙa:
To ni ga tambayata ga masu doka. In yau aka ce Sani ga takarda, biya kaza a wata ka yi sana'arka da izini, kuɗin kuma a tabbatar min zai isa hannun irin su Goggo, wlh ni mai biya ne, na fi son haka da zaman ɗar-ɗar. Amma wasu sun taɓa zuwa mana su uku da jaka da wata takarda mai tambari suka ce kuɗin haƙƙin mawaƙa, suka ɗauke kwamfutar maƙwabcina sai da ya biya dubu goma sha biyar ba rasit ba komai, bayan wata biyu wasu daban suka zo da irin maganar. Wa zan biya? Wa ya ci na farkon? Mawaƙan unguwarmu dai na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ga ko sisi.

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Wannan koken naka gaskiya ne Yaya Sani, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi ba rasit ka san ba mawaƙi zai kai wa ba. Amma wanda ya cuce ka daban, wanda waƙarsa ke kwamfutarka daban. Zaluncin wancan bai biya bashin wannan ba.

Sani Mai Tura Waƙa:
Hmm. Ba zan ce ka yi ƙarya ba amma ba zan rufe shago yara su kwana da yunwa ba

Musa Mai Gyaran Rediyo:
Ku bar ni in koma kan faifan Alhaji don kar a yi ta doka faifai ya mutu. Alhaji juya shi ka duba cikinsa, in fari ne kamar azurfa to na kamfani ne, in ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi to CD-R ne wanda aka ƙona a kwamfuta, kuma yawancin mawaƙanmu na nan irinsa suke yi. Irin wannan ba ya jure zafi, wani sinadari ne a ciki da ke lalacewa a hankali, balle wanda ya yi shekaru a mota a rana irin ta Garwa watan Maris da Afrilu. Kar ka jira, yau ɗin nan a kwafe. Yaro ya goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kar ya bi zagaye, kuma kar a taɓa saman da ke da rubutu da wani abu mai kaifi don ta nan waƙar ta fi kusa. Ya fara ajiye shi a WAV yadda yake, CD duka bai kai giga ɗaya ba, daga nan sai ya mayar MP3 don 'yar rediyon Inna. Kuma ya sa lamba a gaban sunan kowace waƙa, 01, 02, in ba haka ba rediyon zai iya hargitsa mata jerin da ta saba.

Alh. Bello Direba:
Malam Musa kore-kore ne kamar yadda ka ce. Na gode muku duka wlh, Malam Idirisa, Yusufa, Hajiya Asabe ki yi haƙuri da abin da ya same ki, ni ma a baya na sha sayen na tire a tasha ban san haka abin yake ba, Allah ya yafe mana. Na ba yaro ya fara.

Alh. Bello Direba:
Jama'a an samu shida lafiya lau. Ta bakwai ta ƙi, tana kaiwa minti biyu sai ta riƙa tsalle tana maimaita kalma ɗaya, yaro ya gwada sau huɗu. Kuma ita ce Inna ta fi so, ita ce mai tsawon nan da yake ambaton Madina.

Musa Mai Gyaran Rediyo:
Na zata. CD daga tsakiya yake fara karatu ya fita waje, waƙar ƙarshe tana bakin faifan, wurin da hannu ke kamawa kuma nan ya fi gogewa. Kawo min gobe in gwada a wata kwamfutar, wani lokaci wani inji ya fi wani haƙuri, amma ban yi maka alkawari ba.

Sani Mai Tura Waƙa:
Baba Alhaji tun ɗazu nake son in faɗa ina jin nauyi. Na gane mai begen da kake nufi, bakwai ɗin duka suna kwamfutata, wani ya kawo min tun tuni ban ma san daga ina ya samo ba, kuma na tura wa mutane da yawa ba zan iya ƙirgawa ba. In kana so yanzun nan in turo maka ta bakwai ɗin. Yusufa wannan kuma fa, tunda ya riga ya biya kuɗinta tun 2009?

Yusufa (ɗalibin shari'a, Gaundere):
Nan ne wurin ya yi santsi. Baba ya biya kuɗin waƙar, wannan ba shakka, amma kwafin da ke wajenka ba daga faifansa ya fito ba kuma ba da izini ya zo maka ba. A Turai kotun Tarayyar ta yanke a 2014 cewa rangwamen kwafin gida bai shafi abin da aka ɗauko daga haramtacciyar hanya ba. Wannan hukuncinsu ne ba namu ba, amma hankali zai iya ɗaukar dalilin. Ni da za a bi shawarata a bi maganar Malam, a tambayi masu ita.

Goggo Asabe Marwa:
Alhaji in wanda nake zato ne, mai farar hula da yake zuwa da yara biyu 'yan amshi, ai uwargidansa tana nan da rai a Kakatare, muna haɗuwa a gidan suna. Babban ɗansa ɗinki yake yi. Ina jin ma akwai sauran faifan a gidan don shi ma kwali guda ya bari. Kar a sa suna a nan, ka yi min magana ta gefe.

Alh. Bello Direba:
Shi ne Hajiya, shi ne wlh. Allahu akbar. Sani na gode amma dakata da turowa tukuna. Jibi Juma'a ina da lodi zuwa Marwa, in na sauke zan biya Kakatare in gaishe su, in akwai faifan in sayi biyu, in babu in nemi izini a bakinsu sannan ka turo. Inna tana jin shidan tun bayan la'asar, rediyon na kan cinyarta ta riƙe da hannu biyu, da ta shida ta ƙare ya koma ta farko sai ta ce Bello ina ta Madina, na ce mata sai Asabar in Allah ya kai mu. Hajiya Asabe na yi miki magana ta gefe, ki duba, kuma ki ajiye min ɗaya daga na ƙarƙashin gadon nan, a farashinsa na dubu ɗaya da ɗari biyar.

Sani Mai Tura Waƙa:
Baba in za ka tafi ka biyo ta shago da safe, akwai ɗan saƙo da zan ba ka ka kai wa uwargidan, ba yawa. Ƙarfe nawa za ka tashi?

Alh. Bello Direba:
Ana idar da asuba, zan tsaya maka a bakin kasuwa